Ranar Da Na Wanke Dutsen Gwamnati

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa, har sunayen maƙwabta sukan ɓace min, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban manyan Abuja, da abin magana a bakina, na amsa laifin wanki. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, don haka faɗa nake ana rubutawa. Mai rubutun kuwa ita ce wadda na kunyata. 'Yata ce ta fari, ba zan kama sunanta ba, Injiniya nake ce mata kamar yadda kowa yake ce mata. (Ta ce wai in bar labarin nan ya mutu. Na ce ta rubuta kawai, ai bakina ne.)

A Masaka muka yi zamanmu ni da Malam, Allah ya jiƙansa. Shi direba ne a wani babban gida a Maitama, kullum yana idar da asuba zai bi motar haya ya shiga gari. Ni kuma ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli, ina kaiwa bakin titin Keffi. Da sitiyarinsa da turmina yarinyar nan ta yi karatu har ta zama injiniyar man fetur. Lokacin sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓa, kuɗin mai na shigowa, duk inda ka duba a Abuja gini ake yi. Ta samu aiki a wata hukumar gwamnati, daga baya ta samu gida a Gwarinpa. Malam in yana ba da labarinta a bakin masallaci sai an ja masa riga kafin ya tsaya.

Wata rana ta zo Masaka ta same ni a gaban turmi. Na ce, "Ke, wai me kuke yi a ofishin nan? Mutane suna tambayata ina ta kame-kame."

Ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Inna, in kina juya markaɗen gyaɗa man ya daina fitowa, ya ƙare ke nan?"

Na ce, "Ina! Sai raguwar mace ce take tsayawa a nan. Ruwan zafi zan yayyafa in ci gaba da juyawa, sai ki ga ya sake tasowa."

Ta ce to haka rijiyar mai take. Ashe ba rami ba ne cike da mai kamar randa, yadda nake zato. Dutse ne a can ƙarƙashin ƙasa mai ƙananan ƙofofi kamar soso, man yana maƙale a cikinsu. In an yi shekaru ana ɗiba sai rijiya ta yi sanyi, a tura mata ruwa ya koro wani, daga nan a ce ta mutu, alhali da sauran mai jibge a cikin dutsen. Ita abin da take so a gwada shi ne a kamo wata iska da ake kira kabon, wadda take fita daga bututun hayaƙin masana'antu tana ƙara wa duniya zafi, a matse ta a tura ta cikin tsohuwar rijiya. Iskar ta shiga jikin man ta tsinka shi, ta tunkuɗo shi waje, ita kuma ta samu wurin zama a can ƙasa. Na ce ba za ta gudo ba? Ta ce akwai wani dutse mai tauri a samanta kamar murfin tukunya, wadda ta biyo man ta fito kuma a raba su a mayar da ita.

Malam yana kan tabarma yana jin mu. Ya ce, "Wato a fitar da mai gida a zaunar da baƙo." Ya yi ta dariyar maganarsa shi kaɗai, kamar yadda ya saba.

Shekara huɗu tana kan wannan aikin. Akwai wata tsohuwar rijiya can kudu da take roƙo a ba ta ta yi gwajin, akwai kuma wani oganta da yake cewa rijiyar ta mutu, a zuba mata siminti a huta. Aka ce wani kwamiti zai zauna a bainar jama'a ya saurari kowa ya yanke. In sun ƙi, siminti za a zuba, shekara huɗunta ta bi ruwa. Malam ya ce ranar zai sa babbar rigarsa ya zauna a gaba, ko da ba zai gane kalma ɗaya ba.

Bai kai ba. Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi. Har yanzu in na tuna yadda ya riƙe min hannu a asibiti yana tambaya ko an sa ranar zaman, sai hawaye su zubo min. (Ki dakata da biron nan in share fuskata.) Da na fita takaba Injiniya ta kwaso ni ta kawo Gwarinpa. Da aka sa ranar na ce mata kujerar Malam ba za ta zauna babu kowa ba, ni zan je.

Ana gobe zaman, da safe, ta shigo da wani ɗan akwatin ƙarfe ta ajiye a kan teburin falo. Ta ce, "Inna, wannan da shi zan tsaya gabansu gobe." Ta koma ofis da gudu, wai akwai sauran takardu. Ba ta ce in taɓa ba, ba ta kuma ce kada in taɓa ba. Ina so a rubuta wannan da kyau.

Ni mace ce da ba ta iya zama. A Masaka tun asuba hannuna yake cikin aiki, a nan kuwa inji ne yake wanki, inji ne yake niƙa, ni sai kallon bango da tunanin Malam. Bayan azahar na fara jin wani ɗan wari a falon, kamar na garejin bakanike. Na bi shi da hanci har gaban akwatin. Na buɗe. An nannaɗe wani abu da leda, an sake nannaɗewa da wata takarda mai ƙyalli. Na warware a hankali. Dutse ne mulmulalle, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, kamar an yanko guntun taɓarya. Baƙi ƙirin, yana danƙo, warinsa har cikin kai.

Na ce inna lillahi. Wannan ƙazantar yarinyar nan za ta miƙa wa manyan mutane masu fararen kaya? Su ce ba ta da uwa a gida? Na san aiki ya yi mata yawa, ba ta samu sukunin gyara shi ba. Raina ya yi fari, yau dai na samu abin da zan taimaka da shi.

Na ɗora ruwa. Na kawo garin sabulu da soson waya, na zauna a bayan kicin na dirje shi. Ruwan farko ya yi baƙi, mai yana yawo a kansa. Na zubar na sake. Na biyu ma haka. A na uku na haɗa da toka, wadda na roƙo wurin mai gasa masara a bakin layinmu, don a gidan Injiniya ko murhu babu. Sai ga dutse ya fito fes, ruwan ƙasa-ƙasa, har da ɗan ƙyalli. (Na ɗan gwada shi a dunduniyata, ba zan ɓoye ba. Yana cin kaushi sosai.) Na shanya shi a rana. Da na ɗauko na ji da sauran ɗan wari, sai na kunna gawayi a kasko na zuba turaren wuta mai kyau, na wurin wata 'yar Maiduguri, na kifa kwando na turara shi har sau biyu. Na mayar da shi cikin ledarsa da takardarsa yadda na same shi, na rufe akwati. Ban gaya mata ba. So nake ta buɗe a gaban jama'a ta ga aikin uwarta.

Washegari na sa atamfata mai ruwan goro da babban mayafi. Wani katafaren zaure ne a Maitama, sanyin esi kamar a cikin firji. 'Yan kwamiti bakwai a kan dogon tebur, jama'a a ƙasa. Aka ba ni kujera a layi na biyu kusa da wata Hajiya 'yar Zariya, ma'aikaciya a wurin, mai kirki. Da ta ji ko ni wace ce ta ce za ta riƙa fassara min.

Injiniya ta hau. Jama'a, ban taɓa ganinta tana aiki ba sai ranar. Turanci yana zuba daga bakinta babu gargada, tana nuna hotuna a bango da wata 'yar fitila ja, manyan mutane masu furfura suna rubuta abin da take faɗa. Yarinyar da na goya ina juya turmi! Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata, ba kyau uwa ta nuna. A zuciyata ina cewa, Malam, ga ta nan fa, ga ta nan.

Ogan nan mai son siminti yana gefe, wani dogo mai tabarau, yana ta kaɗa biro. Sai ta ɗauko akwatin. Na gyara zama.

Hajiya ta raɗa min, "Tana cewa wannan dutsen daga cikin rijiyar aka ciro shi, daga can ƙasa. Da ƙyar aka ba ta aronsa daga ɗakin ajiya. Ta ce kada su yarda da takardunta kawai, su taɓa da hannunsu su shinshina, za su ga man da ake cewa ya ƙare."

Ko a nan ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Ina jin "su shinshina" na ce a raina, alhamdu lillahi da na turara.

Ba ta ko duba ba, ta miƙa wa shugaban kwamitin ƙunshin. Wani dattijo ne Bayarabe mai ƙiba, da hularsa a karkace. Ya warware, ya juya dutsen, ya duba yatsunsa, babu komai. Ya kai hanci. Ya ɗaga gira. Ya sake kaiwa, ya lumshe ido. Ya miƙa wa na kusa da shi, wani Alhaji Bakatsine, shi kuma yana shinshinawa ya ce da Hausa, da ƙarfi, "Kai! Wannan rijiya ce ko ɗakin amarya?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuma na ɗauka yabo ne. Na zunguri Hajiya da gwiwar hannu, ina murmushi har kunne, na ce, "Ni na wanke shi. Ruwa uku, har da toka."

Yadda matar nan ta juyo ta dube ni, har kabarina ba zan manta ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Mama, kin wanke? Ai dattin shi ne shaidar!"

Na duba wurin Injiniya. Tana tsaye da dutsen a hannu, tana juya shi, fuskarta ta yi fari kamar an zare mata jini. Ogan siminti ya miƙe yana magana yana murmushi. Na ce, "Hajiya, me yake cewa?" Ta kau da kai. Na ce ta gaya min don Allah. Ta ce, "Yana cewa ga shi nan kowa ya gani, dutse fes, babu mai. Wai ko dai rijiyar ta mutu kamar yadda ya faɗa, ko kuma a wurin masu fasa dutse na Mpape ta tsinto wannan."

Wato 'yata maƙaryaciya ce. A gaban mutane.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mayafina har yana zamewa. Na ce, "Salamu alaikum." Ba wanda ya ji. Na ɗaga murya irin ta bakin titin Keffi na sake cewa, "Salamu alaikum!" Zaure ya yi tsit. Wani ya kawo min abin magana, na riƙe shi kamar muciya.

Shugaban yana jin Hausa irin ta Abuja. Ya ce, "Mama, lafiya? Kai wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce na haifi mai dutsen nan. Ba ta yi ƙarya ba. Jiya baƙi ƙirin yake, yana wari kamar gareji. Ni na wanke shi."

"Ka wanke?"

"Da garin sabulu da soson waya."

Bakatsinen ya ce, "Ƙamshin fa, Hajiya?"

Na ce, "Na turara shi."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani ya kifa kai a tebur yana dukansa. Masu ɗaukar hoto suka juyo da kyamarorinsu kaina. Waɗanda ba sa jin Hausa suna tambaya, ana fassara musu, dariyar tana tafiya layi-layi har bayan zaure, ta dawo. Ni ina tsaye, tsohuwa mai jikoki, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Hawaye suka zubo min. Na ce, "Mahaifinta ne ya kamata ya zo, Allah ya karɓe shi. Da shi ne da bai taɓa muku dutse ba. Ku hukunta ni, kada ku hukunta ta." Dariyar ta ɗan lafa.

Akwai wata mata a kwamitin, siririya mai furfura, ashe ita masaniyar duwatsu ce. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa aka tambaye ni me na gani a kan ruwan. Na ce mai, yana yawo. A ruwa na biyu fa? Na ce mai. Na uku? Na ce ya ragu amma da saura, kuma da na shanya shi a rana sai da ya yi ɗan gumi, shi ya sa na kai ga turare. Na ƙara da cewa shekara talatin ina fitar da mai daga gyaɗa, ban taɓa haɗuwa da abu mai rowar wannan dutsen ba.

Ina faɗin haka na ga Injiniya ta ɗago kai. Ta dube ni, ta dubi dutsen. Ta yi wa shugaban magana da Turanci, ya gyaɗa kai. Aka aika waje wurin direbobi aka karɓo sifanar taya. Ta shimfiɗa jarida a ƙasa, ta tattare zaninta, ta durƙusa a gaban manyan nan ta ɗaga sifana ta maka wa dutsen. Sau biyu. Ya rabe.

Cikinsa baƙi ƙirin. Kafin a ce me, warin gareji ya taso ya danne turarena.

Ta ɗauki ɓari ɗaya ta dangwala a farar takarda, ya bar tabo. Ta zagaya da shi gaban kowane ɗan kwamiti, ta ajiye ɗayan ɓarin a gaban ogan siminti, daidai kusa da hannun farar rigarsa, sai da ya janye. Sannan ta yi magana, da Turanci, ta maimaita da Hausa, na san don ni ta yi. Ta ce, "Kun ji da kunnenku. Ruwan zafi uku, da sabulu, da toka, da hannun da ya shekara talatin yana wannan sana'a. Fatar kawai ta samu. Abin da ruwa ya yi wa rijiyar nan ke nan, ya wanke inda ya iya kaiwa muka ce ta mutu. Iskar da nake roƙo ku bar ni in tura tana shiga inda ruwa ba ya shiga. In ta shiga kuma, can za mu bar ta."

Wannan karon tafi aka yi. Hajiya 'yar Zariya ta jawo ni na zauna, tana cewa, "Mama, kin haihu." Na rufe fuska da mayafi, kunya da daɗi suna kokawa a ƙirjina.

Muka shiga mota, ta ja har muka wuce babban masallaci. Ni kuwa na maƙure a kujera kamar wadda aka kama da satar nama. Can ta ce, "Inna."

Na ce, "Na'am."

"Har sau biyu kika turara shi?"

Na ce, "Na farkon bai kama ba."

Ta gangara gefen titi ta tsaya, ta kifa kai a sitiyari tana dariya har tana shiɗewa. Daga nan dariyar ta juye kuka. Ta ce, "Da Baba yana nan, da Masaka kaf sai ta ji wannan kafin magariba." Muka zauna a gefen titi muka yi kukanmu mu biyu, motoci suna wucewa.

Bayan 'yan makonni takardu biyu suka zo mata rana ɗaya. Ɗaya ta ce kwamiti ya amince, ba za a zuba siminti ba, a ba ta rijiyar ta yi gwajinta. Ɗayar kuma gargaɗi ce daga ɗakin ajiya, kan ta mayar da kayan gwamnati a fashe, kuma, yadda ta karanta min, "da wani ƙamshi da ba a san asalinsa ba." Ta ce lissafinta da takardunta ne suka ci zaman, ba wankina ba. Na yarda. Amma duk wanda ya zo gidan nan ya tambayi labarin rijiyar, da ita ake farawa, da ni ake ƙarewa. Yanzu haka iskar tana can ƙarƙashin ƙasa a zaune, man yana fitowa, ni kuma in na je biki a Masaka matan suna nuna ni suna cewa ga wadda ta yi jawabi a Maitama. Ba na gyara musu.

Abin da na koya, da furfurata, shi ne a gidan ɗan boko ba kowane datti ne datti ba, wani da shi ake cin abinci. Shi ya sa yanzu ba na taɓa komai sai na tambaya. Jiya ma ta ci tuwo ta bar kwanon a falo, na tsaya a kansa na ƙwala mata kira na ce, "Injiniya, wannan in wanke, ko shi ma na gwamnati ne?"